Cinikin Sabuwar Akori-kura: Amsar Wasiƙun Masu Sauraro daga Gwarzo da Kabo

Kaka ta yi, amfanin gona ya fara shigowa gida, kuma duk lokacin da buhuna suka taru, tunanin manomi da ɗan kasuwa yakan koma kan abin da zai kai su kasuwa. Shi ya sa ban yi mamaki ba da na ga wasiƙu huɗu sun haɗu a kan magana ɗaya a wannan makon, wato sayen sabuwar akori-kura. Uku sun fito daga Gwarzo da Kabo, ɗaya kuma daga cikin birnin Kano. Za mu bi su ɗaya bayan ɗaya, da yardar Allah.

Wasiƙar farko daga Getso take, a ƙaramar hukumar Gwarzo. Wani dattijo ne mai fataucin hatsi, ya kuma nemi mu sakaya sunansa. Ga abin da ya ce: "Shekaru ina biyan kuɗin lodi daga Getso zuwa Dawanau. Bana Allah ya hore mini, ina son in sayi tawa motar, sabuwa fil, Hilux. Na aika yarona wurare uku a Kano, ya dawo mini da farashi uku, tsakanin na sama da na ƙasa akwai miliyoyi. Wanne ne na gaskiya? Kuma in na je, daga nawa zan fara tayi?"

Baba Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, ya sanya albarka a abin da ka tara. Kafin mu ce wani ya tsawwala, mu fara tabbatar da cewa mota ɗaya aka faɗa wa yaronka kuɗinta a wuraren nan uku. Sunan Hilux ɗaya ne, tun 1968 kamfanin Toyota yake ƙera ta, amma iri-iri ce. Akwai mai ƙofa biyu da dogon baya, akwai mai ƙofa huɗu da gajeren baya. Akwai mai shan fetur, akwai mai shan gas. Akwai wadda ake sa mata giya da hannu, akwai mai canza giya da kanta. Akwai mai jan ƙafa biyu, akwai mai jan ƙafa huɗu. Wata ƙirar Tailan ce, wata ta Afirka ta Kudu. Wata ta bana ce, wata ta bara ce da ta kwana a shago. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana ɗaga kuɗi ko ya sauke shi. Kai da kanka ba za ka yarda a haɗa kuɗin farar masara da na ja, ko na sabon wake da na tsoho, a ce farashi ɗaya ne ba. To haka mota take.

Saboda haka cinikin daga gida yake farawa. Ka zauna da direban da zai ja ta da bakaniken da zai riƙa duba ta, ku yanke irin wadda aikinka yake bukata. Mai hatsi dogon baya yake so, don buhu ne fasinjansa. In kuma kana shiga ƙauyuka da damina ɗauko kaya, inda hanya take caɓewa, mai jan ƙafa huɗu za ta fisshe ka, ko da ta fi tsada. In titin Gwarzo zuwa Kano ne kawai, kada ka biya kuɗin abin da ba za ka mora ba. Ka kuma sani, irin waɗannan motoci abin da aka ƙera su su ɗauka bai wuce kimanin tan ɗaya ba, wato buhu 10 masu kilo 100. In lissafinka na buhu 30 ne a sawu ɗaya, to babbar mota kake nema, kada ka kashe sabuwar akori-kura tun tana amarya.

In kun yanke, a rubuta a takarda. Wannan takardar ita za a kai wa kowane mai sayarwa, a ce ya rubuto kuɗin wannan motar a takardar kamfaninsa, da hatimi, da kwanan wata, da adadin kwanakin da farashin zai tsaya a haka. Kuma kuɗin da za ka nema shi ne na kai mota ƙofar gidanka a Getso. A nan mutane da yawa suke faɗawa rami. Wani zai faɗi kuɗi kaɗan don ya jawo ka, sai ka zauna sannan a ce ai ban da harajin VAT, wanda yake kashi 7.5 cikin 100 tun 2020, ban da kuɗin ɗauko ta daga Legas, ban da rajista da lamba, ban da inshora. Kafin ka farga, mai arahar ya zarce mai tsadar. In mota ta kai naira miliyan 60, misali, VAT kaɗai miliyan 4 da rabi ne. Wannan ba kuɗin da za a bari sai an tashi biya sannan a ji labarinsa ba ne.

Akwai kuma dalilin da ya sa sai na ce a sa kwanan wata. Motocin nan da dala ake sayo su, kuɗin kwastam ma da farashin dala ake lissafa shi. A farkon watan Yuni na 2023 dala tana wajen naira 460 a hukumance. Da Babban Bankin Najeriya ya sakar wa kasuwa farashin a wannan watan, ba a daɗe da shiga 2024 ba sai da ta haura 1,500. Ka ɗauki motar dala 30,000: a farashin farko ba ta kai naira miliyan 14 ba, a na biyu kuwa miliyan 45 ce, ga shi ko ƙusa ɗaya ba a ƙara mata ba. Saboda haka in ɗan'uwanka ya ce maka shi kaza ya sayi tasa, ka tambaye shi yaushe. Kuma ka tambayi mai sayarwa yaushe motarsa ta shigo, domin wanda ya shigo da kaya lokacin da dala ta sauka yana da sararin yin ragi fiye da wanda ya shigo da nasa tana sama.

Yanzu batun tayi. A kasuwar Getso, in aka yi wa sa kuɗi, kana iya tayawa can ƙasa, mai shi ya ce albarka, ku yi ta hawa da sauka har a daidaita. Sabuwar mota ba ta da wannan faɗin. In ka raba kuɗin biyu ka taya, mai shagon zai ɗauka ba saye ka zo ba, ya daina sauraronka. Tsaninka shi ne takardun nan uku. Ka ɗauki mafi ƙanƙanta a cikinsu, ka taya ƙasa da shi kaɗan, ka kuma faɗa wa kowa gaskiya cewa kana da farashin wasu a hannu. Kada ka faɗi abin da ka tanada, kada a ga zumuɗi a fuskarka, kada kuma ka tafi da ayarin 'yan rakiya masu yabon mota a gaban mai ita. Kai da bakanikenka da mai karanta takarda kun isa. In ka yi tayi, ka yi shiru ka bar shi ya amsa. Kada ka ƙara a kan tayinka alhali shi bai sauko ba.

In kuɗin ya tsaya cak, sai ka koma neman gyara, yadda mai sayen hatsi yake nema bayan an cika mudu. Ka ce su ɗauki nauyin kawo ta Kano, ko su yi maka rajista da lamba, ko juyen mai na farko da na biyu kyauta, ko shimfiɗar bayan mota da ƙarafan ɗaure kaya, ko na'urar bin sawun mota saboda ɓarayi. Sau da yawa mai shago ya fi iya ba da waɗannan a kan ya taɓa farashi. Duk abin da aka yi alkawari a rubuta shi a takardar ciniki.

Babban makaminka kuwa, Baba, shi ne ƙafarka. In ba a kai inda ka yanke a ranka tun daga gida ba, ka yi godiya, ka bar lambar wayarka, ka tashi. Daga Kano zuwa Gwarzo ba wata tafiya ba ce da za ta sa mutum ya ce lallai yau sai ya koma da mota. In suna da sauran ragi za su kira ka kafin ka wuce Janguza. In ba su kira ba, ka san ka taɓo ƙarshen farashin, ka dawo da natsuwa ka biya.

Wasiƙa ta biyu daga Garo take, a ƙaramar hukumar Kabo. Wata baiwar Allah ce, shugabar wata ƙungiyar mata masu sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ta ce: "Mun yi shekaru muna adashi don mu sayi motar kai kaya. Wani dillali ɗan garinmu ya ce kada mu je kamfani, zai samo mana sabuwa ta kan iyaka da rangwame mai yawa, mu dai ba shi rabin kuɗin ya tafi. Wasu sun yarda, ni hankalina bai kwanta ba."

Hajiya, Allah ya saka miki da alheri da kika tsaya kika tambaya, domin kuɗin nan amanar mata da yawa ce. Abin da ake so ku yi shi ne cinikin biri a sama, kuma ina roƙonku kada ku yi. Ban san dillalin ba, ba kuma zan ce mugu ne ba. Dillanci sana'a ce ta mutunci, da shi kasuwanninmu suke tafiya tun kaka da kakanni. Amma ko mutumin kirki ne, hanyar da ya kawo muku tana da haɗari. Tun daga 1 ga Janairu 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci, sababbi da na hannu, ta iyakokin ƙasa, aka ce sai ta tashoshin jiragen ruwa. Rangwamen da ake kwaɗaita muku da shi, a mafi yawan lokuta kuɗin kwastam ne da ba a biya ba. Ranar da jami'ai suka tare motar a hanya, ba dillali za su tambaya ba, wanda take hannunsa za su tambaya. Sai ku biya abin da aka guje wa, ko motar ta tafi gaba ɗaya. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

In kuna son ɗan garinku ya ci albarkacin cinikin, ga yadda za a yi. Ku yanke masa la'adarsa tun farko, kuɗi sananne, a gaban shaidu. Kada ku yarda da tsarin da zai ce duk abin da ya hau a kan kaza nasa ne, domin daga nan ribarsa ta koma cikin tsadar da za ku saya. Ku tambaye shi kai tsaye ko yana karɓar wani abu daga wajen mai motar. Sannan ya kai ku inda motar take, ku gan ta da idonku. Kuɗi kuma ta banki za a tura, zuwa asusun kamfanin da sunansa yake kan rasit, ba asusun wani mutum ba. In an nemi kafin alƙalami, ya zama kaɗan, a rubuta lambar motar da aka biya dominta, da ranar da za a miƙa ta, da sharaɗin mayar da kuɗi in an saɓa.

Kuma Hajiya, kalmar "sabuwa" tana da 'yan'uwa a bakin 'yan kasuwa. Akwai sabuwa dal, akwai kamar sabuwa, akwai wadda aka yi wa wanka da fenti. Ga abin da bakanikenku zai duba. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17. Ya tabbatar wadda take jikin ƙarfen motar ita ce a takardar kwastam, ita ce a rasit, ita ce a littafin garanti. Ku kai takardun ofishin kwastam na shiyyar Kano da Jigawa a tantance muku kafin ku cika kuɗi. Ya duba gefen tayoyi, akwai alƙaluma huɗu da ke nuna makon da shekarar da aka yi taya: in ya ga 1224, mako na 12 ke nan a 2024. Motar da aka ce ta bana ce amma tayoyinta sun shekara uku, akwai tambaya a kanta. Sai garanti. Kamfanoni da yawa suna ba da shekara 3 ko tafiyar kilomita 100,000, duk wanda ya riga cika. Ku tambaya wane gareji ne a Kano zai karɓi motar in ta samu matsala. Garantin da sai an je Dubai za a ci moriyarsa ba shi da amfani ga mai ƙuli-ƙuli a Garo.

Ta uku, wani matashi ne daga cikin garin Kabo. Ya ce: "Mahaifina yana da tsohuwar akori-kura Fijo 504. Muna son mu ba da ita a yi mana musaya, mu cika wani abu, sauran mu riƙa biya duk wata. Mai sayarwa ya tambaye mu nawa za mu iya biya a wata, muka faɗa, ya ce an gama. Shin mun yi daidai?"

Ƙanena, ka gaishe mini da Baba. Motar nan tasa tana da tarihi. Tun 1975 aka fara harhaɗa motocin Fijo a Kaduna, kuma 404 da 504 su suka yi ta jigilar gyaɗa da auduga da 'yan kasuwa a ƙauyukanmu shekaru da dama. Amma a gaskiya kun yi gaggawa, sai dai tunda ba ku sa hannu ba, akwai gyara. Ciniki uku ne aka cure muku wuri ɗaya: kuɗin sabuwar mota, kuɗin tsohuwar, da sharaɗin biya. In aka haɗa su, ana iya faranta muku a ɗaya a cire a biyun. A ce an sayi tsohuwarku da daraja, alhali an ɗora bambancin a kan sabuwar. Ku warware su. Ku fara gama cinikin sabuwar kamar masu biya lakadan. Sannan ku kai tsohuwar wurin masu saye biyu ko uku a taya, ku san darajarta. Galibi sayar da ita da kanku ya fi musaya riba.

Tambayar nawa za ku iya biya a wata kuwa, amsarta ita ce: nawa ne jimillar abin da za mu biya daga farko har ƙarshe? Ku ninka kuɗin wata da yawan watanni, ku haɗa da abin da kuka fara bayarwa, ku ajiye shi kusa da farashin lakadan. Tazarar da ke tsakani ita ce kuɗin jinkirin. In kuna gudun kuɗin ruwa, akwai bankunan da ba sa mu'amala da shi, kamar Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019. Suna da tsarin murabaha, inda banki yake sayen motar ya sayar muku da riba sananniya wadda aka yanke tun ranar farko. Ko a can ɗin ma, ku fara ƙulla farashi mai kyau da mai motar, domin a kan wannan farashin banki zai ɗora ribarsa.

Ka kuma buɗe ido, ba Hilux kaɗai ce akori-kura ba. Akwai Mitsubishi L200, da Isuzu D-Max, da Ford Ranger, da Nissan Navara, da na ƙasar Sin irin su JAC, ga kuma Innoson da ake harhaɗawa a Nnewi ta jihar Anambra. Kafin ka zaɓa, ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ka tambayi kuɗin birki da fitila da matatar mai na kowacce, ka ji wacce kayanta suke samuwa. Ka tambayi bakaniken Kabo wacce ya iya. Motar da ta yi araha a shago amma ta kwana wata guda tana jiran ƙarfe daga Legas, ga biyan wata yana tafiya, ta fi kowacce tsada. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, abin da mota take sha ma ya shiga cikin farashinta. Ku lissafa shi da albashin direba kafin ku ɗauki alkawarin biya.

Wasiƙa ta ƙarshe ta zo ne daga ɗaya ɓangaren, kuma na ji daɗin zuwanta. Wani mai sayar da motoci ne a Kano. Ya ce: "Kullum kuna koya wa masu saye dabara kamar mu azzalumai ne. Muna biyan haya da ma'aikata da kwastam. Wani zai zo ya yi ƙaryar an ba shi farashi kaza a wani wuri, wani a gama ciniki ya tafi bai dawo ba. Mu wa zai yi magana a madadinmu?"

Alhaji, maganarka gaskiya ce, kuma ga ta na karanta kowa ya ji. Duk abin da na faɗa wa masu saye yau, babu inda na ce a yi ƙarya. Wanda ya ƙirƙiro farashin da ba a ba shi ba ya ci amana, kamar yadda mai shagon da ya sa yaronsa ya zo yana tayin ƙarya don a tsorata mai saye ya ci amana. Wannan na biyun malamai suna kiransa najashu, kuma haramun ne. Haka ɓoye aibin kaya, haka shiga cinikin wani bayan an daidaita. Mai saye in an sallama masa ya amsa, to ya cika alkawari. Ribarka halal ce, ba mai hankalin da zai so ka faɗi, domin in ka rufe shago gobe wa zai kawo mana mota, wa zai karɓe ta in ta lalace?

Roƙona gare ka da abokan sana'arka ɗaya ne: ku rubuta komai a fili. In dattijon Getso ya zo, ku ba shi kuɗin mota har ƙofar gida a takarda ɗaya. In matan Garo sun zo, ku buɗe musu takardun kwastam tun kafin su tambaya. Mutumin karkara in ka yi masa gaskiya sau ɗaya, duk wanda zai sayi mota a garinsu wurinka zai turo shi. Farashin adalci shi ne wanda mai saye ya san abin da ya biya da dalilinsa, mai sayarwa ya samu ribarsa, kuma in sun haɗu bayan shekara a wajen ɗaurin aure za su gaisa ba mai sunkuyar da kai.

Lokaci ya cim mana. Baba Alhaji, in motar ta iso Getso ka aiko mana da labari, mu taya ka addu'a. Hajiya, ki karanta wa 'yan ƙungiya abin da kika ji kafin a taɓa kuɗin adashi. Sauran wasiƙun da suka shigo a kan inshora da canjin sunan mai mota, za mu taɓa su a mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya tsare hanya, ya ba mu ciniki mai albarka.